Ka sako wa kwamfutarka ram ɗin da ka kulle mata

Wasiƙar wannan makon daga Gusau ta zo. Ga abin da ke cikinta a taƙaice:

"Assalamu alaikum Yaya. Ina da ɗan shago inda nake haɗa bidiyon biki da na walima, ina kuma zana katin gayyata. Kwanakin baya aka haɗa mini kwamfutar tebur a kasuwa da kuɗin adashen da Hajiyarmu ta ɗauka ta ba ni. Furosesarta Ryzen 3 3200G ce, ram giga 8 sanda ɗaya, babu katin girafik na daban. Da na sa Photoshop sai ya ce girafik ɗina bai kai ba, Premiere kuma yana tsinkewa in ina duba aiki. Na bincika na ga an rubuta mega 64 kacal. Wani abokina ya nuna mini wani wuri a cikin BIOS muka ɗaga shi zuwa giga 4. Gargaɗin ya ɓace, amma tun ranar kwamfutar ta fi da nauyi, ko fayil na buɗe sai na zauna jira. Aikin amare biyu yana hannuna, kullum sai an kira ni. Raina yana ba ni mai shagon ne ya cuce ni. In mayar masa da kayansa, ko in ci bashi in sayi katin GT 710 mai giga 2 da aka yi mini tayinsa? Har yau na kasa gaya wa Hajiya. Ƙaninka."

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, kuɗin Hajiya ba su faɗa rijiya ba. Duk alamun da ka lissafa na kwamfuta mai lafiya ne da aka ɗaure wa ƙafa, kuma giga 4 ɗin nan da kuka sa ne igiyar. Kada ka mayar da ita, kada ka ci bashi, katin nan kuma ko kyauta aka ba ka kada ka dasa shi. Rabin matsalarka yau da dare za ka iya warware ta ba tare da ka kashe ko kwabo ba. Ɗaya rabin yana buƙatar ɗan kuɗi, amma ba a inda kake shirin zuba su ba.

Girafik ɗin da ke kwamfutarka, wato ɓangaren da ke zana hoton da kake gani a allo, sunansa Vega 8, kuma a cikin furosesar yake zaune, ba shi da ram nasa na kansa, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke ajiye abin da take aiki a kai. Katin girafik na daban da nasa ram yake zuwa, an manna masa a jiki. Naka kuwa daga giga 8 ɗin nan na kwamfuta yake ci, shi da Windows da Premiere da duk abin da ka buɗe. Layin da abokinka ya nuna maka, wanda aka rubuta wa UMA Frame Buffer Size, ba ya ƙara komai. Aikinsa shi ne ya gaya wa BIOS, wato manhajar saitin da ke fara tashi in an kunna kwamfuta, nawa zai yanke daga ram ya keɓe wa girafik tun kafin Windows ya tashi. Abin da aka yanke kuwa ya tafi ke nan, Windows ba ya ganinsa kuma ba ya iya taɓa shi, ko da girafik ɗin yana zaune babu abin da yake yi da shi.

To yi lissafin da kanka. Takwas a cire huɗu, saura huɗu, har ma da ɗan gibi. Windows 11 shi kaɗai giga 4 ne mafi ƙarancin abin da Microsoft ya ce a ba shi, Premiere kuma giga 8 yake nema a matsayin mafi ƙaranci. Ka ga tun kafin ka jawo bidiyon amarya ko ɗaya wuri ya riga ya cika. Idan ram ya cika Windows ba ya tsayawa, sai ya riƙa kwashe abin da ke ciki yana zubawa a faifan ajiya, in an buƙata ya sake ɗebowa. Nan ne nauyin yake. Sandar ram irin DDR4-2400 tana wuce da kusan giga 19 a daƙiƙa guda. Faifan SSD na SATA da ƙyar yake haura mega 500, tsohon faifai mai juyawa kuwa bai fi mega ɗari da wani abu ba. Jiran nan da kake yi in ka buɗe fayil, jiran faifai kake yi, girafik ɗin ba shi da laifi a ciki.

Ba sai ka ɗauki maganata haka kawai ba, je ka gani da idonka kafin ka taɓa komai. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance ka zaɓi Memory. A ƙasa ta hannun dama akwai ƙaramin layi da aka rubuta Hardware reserved, za ka tarar da giga 4 da ɗan ɗoriya a gabansa. Wannan shi ne abin da kuka kulle. Bar tagar a buɗe, ka kunna Premiere, ka jawo bidiyo guda, sannan ka dawo ka kalli zanen Memory ya cika har baki, na Disk kuma ya manne a sama yana nuna 100. Sai ka gangara zuwa GPU ka dubi Dedicated GPU memory. Ina kyautata zaton a cikin giga 4 ɗin da aka ware masa ko ɗaya bai cika ba. Giga uku na zaune a kulle, Windows kuma na can yana fama da faifai.

Mega 64 ɗin da ya tayar maka da hankali da farko shi ma yana buƙatar bayani, domin shi ne ya jawo komai. A ƙarƙashin layin Dedicated GPU memory ɗin nan akwai wani mai suna Shared GPU memory. Windows yana bai wa girafik damar aron ram har zuwa rabin abin da yake gani, in ya gama ya mayar. Wato ranar da kake ganin mega 64, girafik ɗinka yana da damar kaiwa kusan giga 4 duk lokacin da aiki ya nema. Kuma wanda aka keɓe da wanda aka ara duk daga sanda ɗaya suke fitowa, gudunsu ɗaya. Shi ya sa a 2018, lokacin da AMD ya fito da yayyen furosesarka, wato 2200G da 2400G, masu gwada kayan kwamfuta suka sa mega 64 suka sa giga 2 a wasanni daban-daban, suka tarar bambancin gudun bai taka kara ya karya ba.

Duk da haka ba zan ce abokinka shirme ya yi gaba ɗaya ba, yana da rabin gaskiya. Akwai manhajojin da ba sa kallon wanda ake arowa, lambar da aka keɓe kawai suke karantawa. In sun ga 64 sai su yi gargaɗi, ko su kashe wasu ayyukan da suka dogara da girafik, wasu wasannin ma su ƙi tashi sam. Sabbin Photoshop giga ɗaya da rabi suke nema, Premiere giga 2. Don haka saitin da ya yi ƙasa sosai yana iya kawo cikas na gaske. Inda aka kuskure shi ne zaton cewa tunda ƙari kaɗan yana da amfani, ƙari mai yawa zai fi. Aka yi gyaran gangar Abzinawa.

Shawarata, muddin giga 8 ne a kwamfutar, ka sa 1G. Ya isa ya kawar da yawancin ƙorafin manhajoji, ya bar wa Windows kusan giga 7 ya numfasa. In Photoshop ya sake yin gargaɗi, ka wuce shi ka ci gaba da aikinka, katin gayyata ba ya buƙatar abubuwan da yake yi wa kuka. Ranar da ram ya zama giga 16 sai ka ɗaga zuwa 2G ka bar shi nan. Fiye da haka ban ga amfaninsa a aikinka ba.

Ba ka faɗa mini irin madabod ɗinka ba, wato babban allon da aka dasa komai a kai, don haka ga inda layin yake a sanannun. Ka kunna kwamfutar kana ta danna Del har BIOS ya buɗe. In ASUS ne, danna F7, ka shiga Advanced, sannan NB Configuration. In Gigabyte ne yana ƙarƙashin Chipset, kuma sai an mayar da Integrated Graphics zuwa Forces layin yake bayyana. A MSI yana cikin Settings, Advanced, Integrated Graphics Configuration. A ASRock ka bi Advanced, AMD CBS, NBIO Common Options, GFX Configuration. Tunda kun taɓa shiga ba zai yi maka wuyar ganewa ba. Kafin ka canza komai ka ɗauki hoton shafin da wayarka. Ka canza wannan layi shi kaɗai, ka danna F10 ka adana, ka fita. Mutane da yawa in sun shiga BIOS sai su taɓa abu biyar lokaci guda, in kwamfuta ta gyaru ba su san wanne ya gyara ta ba, in ta ƙi tashi ma haka.

In ka yi wani canji allo ya tsaya baƙi, kada ka firgita. Zare wayar wuta daga bango, buɗe murfin gefe, za ka ga wani ɗan batir zagayayye mai ƙyalli kamar kwabon azurfa a kwance kan madabod, an rubuta masa CR2032. Danna ɗan ƙarfen da ke riƙe da shi zai yi tsalle ya fito. Bar shi a waje kamar minti biyar ka mayar, BIOS zai koma yadda ya fito daga kamfani. Ka riƙe sunan batir ɗin nan don wani dalili kuma. Shi ke riƙe da saitin BIOS da agogo in an kashe wuta, kuma yawancin madabod ɗin da ake haɗa mana kwamfuta da su a kasuwa na hannu ne, sun yi shekaru. In ka sa 1G yau, gobe ka tarar ya koma yadda yake, agogon kwamfutar kuma yana nuna wata shekara da ta wuce, batir ɗin ne ya mutu. Volt 3 ne, masu gyaran agogo ma suna sayar da shi.

Yanzu ga rabin da ke buƙatar kuɗi, kuma shi ne na fi so ka ba hankalinka. A wasiƙarka ka rubuta "sanda ɗaya" ka wuce, alhali nan tsinkewar da kake gani tun ranar farko take. Ka ɗauki ram a matsayin tankin ruwa da gida biyu suke sha, furosesa da girafik. Abin da kuka yi a BIOS katanga kuka gina a tsakiyar tankin, ruwa bai ƙaru ba. Abin da ke sa ruwa ya zo da ƙarfi kuwa bututu ne, kuma an ƙera furosesarka da bakin bututu biyu, kai ɗaya ka jona. Sanda ɗaya ta DDR4-2400 giga 19.2 take bayarwa a daƙiƙa, biyu in suna aiki tare 38.4. Furosesa tana iya haƙuri da hanya ɗaya a ayyuka da yawa, amma girafik ba ya iyawa, domin kowane hoto da zai fito a allo sai ya je ram ya dawo, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Vega 8 a kan sanda ɗaya yunwa yake kwana da ita, ko giga nawa aka keɓe masa.

Saboda haka kuɗin farko da ya shigo hannunka, ƙara sanda ta biyu ta giga 8 za ka yi da shi. Da jifa ɗaya ka samu abu biyu, ram ya zama 16, hanya ta zama biyu. Ka zare wadda ke ciki ka tafi da ita kasuwa, ko ka ɗauki hoton takardar da ke manne a jikinta, a ba ka mai irin girmanta da gudunta, in da hali ma kamfani ɗaya. In gudunsu ya bambanta za su yi aiki, amma da gudun mai rauni a cikinsu za su tafi. In ramuka biyu ne a madabod ɗinka, kamar yadda yawancin A320 suke, babu abin tunani. In huɗu ne, na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake sawa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. Wanda ya jera su kusa da juna ya saya biyu ne amma hanya ɗaya yake amfani da ita. Bayan ka sa, ka buɗe ƙaramar manhajar nan ta kyauta CPU-Z, shafin Memory, ka tabbata ta nuna Dual ko 2 x 64-bit.

Akwai saiti na biyu a BIOS da ya shafi wannan, wanda a ganina ya fi UMA tasiri amma ba a cika maganarsa ba. Sandar da aka rubuta wa 3000 ko 3200 sau da yawa a 2133 ko 2400 take tashi, sai an kunna mata XMP, wanda ASUS ke kira DOCP, MSI kuma A-XMP. Furosesarka a hukumance tana ɗaukar har 2933. Ka duba Speed a wancan shafin na Memory, in ya yi ƙasa da abin da ke jikin sandar ka kunna. In sandar 2400 ce tun asali, babu abin da za ka kunna, ka bar ta.

Katin GT 710 kuwa, giga 2 ɗin da ke jikin kwalinsa ne ake sayar maka, irin tarkon da ka riga ka faɗa sau ɗaya. Tsohon kati ne da aka yi don kwamfutar ofis ta samu inda za a jona allo. Nau'insa mai DDR3 giga 14.4 yake wucewa da shi a daƙiƙa, bai ma kai sandarka guda ɗaya ba, kuma Vega 8 ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Da ka dasa shi kwamfutar za ta koma kansa ta bar wanda ya fi shi, ka ci bashi ka sayi ja da baya. In Allah ya buɗa nan gaba kana son kati na gaske, daga irin GTX 1650 ake fara magana, wanda ke da giga 4 nasa na kansa masu gudun giga 128 a daƙiƙa. Ba yanzu ba.

Abu biyu ka duba da sauri. Danna dama a kan Start ka buɗe Device Manager, ka ga abin da ke ƙarƙashin Display adapters. In Microsoft Basic Display Adapter aka rubuta, ba a sa wa girafik ɗin direbansa ba, wato manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da shi, kuma babu saitin da zai yi amfani sai ka sauke na AMD daga shafinsu. Na biyu ƙura. Shagon bakin titi a Gusau, ga hunturu ga zafin bazara, fankar furosesa takan toshe, in ta yi zafi kuma da kanta take rage gudu. A hure ta.

Masu karatu da ke da Intel, musamman laftof na hannu masu HD 520 ko UHD 620, ku ma wannan ya shafe ku. A wurinku sunan layin DVMT Pre-Allocated, wasu laftof ɗin HP na ofis kuma Video memory size suke kiransa, da yawa ma kamfani ya ɓoye shi gaba ɗaya. Mega 128 ɗin da kuke gani lamba ce da direban Intel ke nuna wa manhajoji don kada su ƙi tashi, sauran arowa ake yi. Dabarar nan da ke yawo ta shiga rajistar Windows a ƙirƙiri DedicatedSegmentSize lambar kawai take canzawa, gudun yana nan yadda yake. Kuma kowa ya ji wannan, kai ma ƙanena: in wani ya ce a sabunta BIOS don a samu ƙarin zaɓi, kada a yi sai da UPS ko inbata mai cikakken caji. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta shi madabod na iya mutuwa, kuma cire ɗan batir ba ya tayar da wannan.

Mu dawo kan mai shago. Na fahimci abin da ke ranka, kuɗin uwa ba kamar sauran kuɗi ba ne, kuma wanda aiki ya tsaya masa dole ya nemi wanda zai ɗora wa. Amma ka auna abin da kake da shi a hannu. Ya ce maka 3200G, ita ce a ciki. Ya ce giga 8, su ne a ciki. Mega 64 ba alamar an zare wani abu ba ce, saiti ne. In da abin da za a ce ya gaza a kai, shi ne bai gaya maka sanda biyu masu giga huɗu-huɗu sun fi ɗaya mai takwas amfani ga irin wannan furosesa ba, ko da yake sanda ɗayar ta bar maka ramin da za ka ƙara yanzu ba tare da ka zubar da komai ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda hujja ba ta goyi bayansa ba. Ka je masa da fuska a sake, ka ce sanda ta biyu kake so irin ta farko, a sa a gabanka, a kunna a ga Dual kafin ka biya. Mai sayarwa ya fi sassauta wa wanda ya dawo ciniki a kan wanda ya dawo rigima, kuma za ka sake buƙatarsa.

Hajiya kuma ka gaya mata. Ba sai ka shiga bayanin giga da mega ba, ka ce kwamfutar lafiyarta ƙalau, saiti ne ya karkace an gano shi, akwai ɗan abin da za ka ƙara mata daga kuɗin aikin da ke hannunka. Uwa takan gane ɗanta yana cikin damuwa tun kafin ya buɗe baki, kuma shirun da kake yi yana iya sa ta zaci asarar ta fi haka.

Aikin amaren nan biyu ba sai ya jira sanda ta biyu ba. Da ka mayar da saitin zuwa 1G, ka rufe burauza da duk abin da ba ka amfani da shi. A cikin Premiere, ƙasan tagar da kake kallon aiki, akwai inda aka rubuta Full, ka mayar da shi 1/4. Wannan kallon da kake yi kawai yake ragewa, bidiyon da za ka fitar yana nan da kyansa. In da waya ko kyamara mai 4K aka ɗauki bikin, zaɓi bidiyoyin duka ka danna dama, Proxy, Create Proxies, ka bar kwamfutar ta kwana tana yin ƙananan kwafi da za ka yi yanka da su. Ka kira iyalan biyu tun yau ka ba kowa ranar da ka tabbata za ka iya cikawa, ka fara da wanda ya riga kawo aiki. In ka yi duk wannan Memory bai daina cika ba, ko Hardware reserved bai sauko kusa da giga ɗaya ba, ka turo mini hoton shafin Memory da na GPU da sunan madabod ɗin mu duba tare.